Roƙo Ga Iyaye Kafin Muhawarar Durun

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban taro, Alhaji Abdulmumini, malamanmu masu daraja, iyayenmu maza da mata na Kara, ɗalibaina abin alfaharina, ina gaishe ku gaisuwar girma. Na gode da kuka baro gonakinku kuka zo sauraron malamin Turancin 'ya'yanku.

Magana ta farko. Ranar Asabar yaranmu za su sake karawa da na Kabo a gasar muhawara ta Turanci a Durun. Wanda ya ci, shi zai tafi Kano. Wanda ya faɗi, sai baɗi.

Magana ta biyu, ita ce ta tara mu. A cikin adon maganar da nake koya musu akwai abin da Turawa ke kira "rhetorical question", wato tambayar da ba a son amsarta. Jefa ta ake yi, a yi shiru, ta ratsa zukata. Mu kuwa an tarbiyyantar da mu cewa ƙyale mai tambaya wulaƙanci ne. Tarbiyya ce mai kyau, amma ita ta kayar da mu a zagayen farko.

Ƙuri'a ta ba ɗalibarmu Khairiyya ɓangaren noma ya fi kiwo. Ta ɗaga murya da Turanci ta ce, "Wa ya taɓa ƙoshi da nono zalla?" Kakanta Baba Sajo ya zunguri maƙwabcinsa, aka fassara masa. Sai ya miƙe.

"Ni mana, 'yar nema! Ubanki ma da me ya yi wannan wuyan?"

Na ce, "Baba, ba da kai take ba."

Ya ce, "Malam, ni take kallo."

Matarsa Inna Indo ta taso ta ba da shaida, dattawan Kabo suka kama tafi, alƙali ya buga ƙararrawa, lokacinmu ya ƙare a kan tarihin shanun Baba.

Don haka ina roƙonku, iyayena, ina kuma roƙonku: in yaro ya yi tambaya ranar Asabar, ku daure. In amsa ta taso, ku tura goro a baki. Baba Sajo, kai kam ba za mu yi ƙunar baƙin wake a kanka ba: mun roƙi Liman ya zauna kusa da kai, ya riƙe maka gefen riga. Bayan an tashi, Khairiyya za ta zo har gida, ka amsa mata har la'asar.

Allah Ya buɗe bakin yaranmu, Ya rufe na manyanmu na ɗan lokaci, Ya kai mu Kano lafiya. Wannan kam ku amsa da ƙarfi.

Na gode.