Ƙafata Ta Riga Ni Shiga Kabari

'Yan'uwana, ina gaishe ku cikin sunan Yesu, wanda kabari ya kasa riƙewa. Salamarsa ta zauna a gidajenku.

Sunana Ishaku, tela ne ni, shagona yana Ƙofar Marusa. Waɗanda suka san ni sun san ba ni da faɗa. Mutum zai dawo mani da riga sau uku ya ce wuyan bai yi ba, in farke in sake, ban ɗaga murya ba. Amma abin da zan faɗa yau, duk sa'ad da na tuna shi sai raina ya ɓaci.

Ina da ciwon suga. Wata rana na taka allura a shago da ƙafar dama, wadda nake taka keken ɗinki da ita, ban ma ji ba. Wurin ya ƙi warkewa. Babban yatsa ya yi baƙi, ya fara wari. Matata Rifkatu ta kai ni asibiti, likita ya ce in aka cire yatsu biyu yanzu, ƙafar za ta tsira.

Yatsu biyu kawai, jama'a!

Sai yayana Ɗanladi ya zo daga ƙauye. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar babanmu, ban taɓa ƙetare maganarsa ba. Ya zauna bakin tabarmata ya ce, "Ishaku, yadda aka sa mutum a ƙasa, haka zai tashi ranar ƙarshe. Ka yarda su yanke ka, ka tsaya gurgu gaban Ubangiji har abada? Gara ka koma wa Mai kai cikakke."

Na tambaye shi ko haka yake a rubuce. Ya ce haka yake. Shi bai iya karatu ba, ni kuma lokacin ban daɗe da shiga ajin manya na ikilisiya ba, da ƙyar nake haɗa baƙi da wasali. Wasu masu zuwa gaishe ni suka ƙara da cewa mai bangaskiya ba ya bari a sa masa wuƙa. Ba zan kira suna ba. Sun yi mani addu'a, sun koma gida da ƙafafunsu biyu, suka bar ni da tsoro.

Wata biyu ina kwance ana ɗaura mani ganye. Ruɓar tana hawa. Maƙwabcin shagona, Alhaji mai sayar da hatsi, kullum yana aikowa cewa motarsa na nan duk ranar da na shirya zuwa asibiti. Ina mai da masa godiya kawai. Rifkatu ce ke wanke ciwon safe da yamma. Wata rana ta ajiye kwanon ruwan ta ce, "Baban Talatu, kai kana tsoron ranar ƙarshe, ni kuwa makon gobe nake tsoro. Wa za ka bar wa yaran nan?"

Na juya fuskata bango. Ku ji irin mutumin da na zama.

Malama Saratu, mai koyar da mu karatu, ta ga kujerata ta daɗe babu kowa, ta zo gida. Na faɗa mata abin da Yaya ya ce. Ba ta yi gardama da ni ba. Ta buɗe Maganar Allah, ta ɗora yatsana a kan layi, ta ce in karanta da bakina, ba ta gaggawa.

Na fara tun rana tana tsaka, ban gama ba sai da aka kira la'asar a masallacin unguwa. Ina tuntuɓe, tana ɗaga ni. Abin da na gane shi ne, jikin nan kamar iri yake. Wanda ake sawa a ƙasa mai lalacewa ne, wanda zai tashi kuwa ba ya lalacewa. Ni ɗan manomi ne. Na san ƙwayar gero ruɓewa take a rami, abin da ke fitowa kuma zangarniya ce. Sannan ta nuna mani inda Yesu ya tashi da tabon ƙusoshi, tabon kuma bai hana shi tafiya ba.

Sai fushi ya kama ni. Ashe wata biyu ina ruɓewa saboda maganar da ba ta cikin littafin!

Ban iya durƙusawa ba, daga kwancen na yi addu'a. Na ce, Ya Ubangiji, ka gafarta mani. Na mai da kai ƙaramin tela, wanda ba ya iya ɗinki sai an kawo masa yadi cikakke. Kai da ka yi ni daga ƙasa, yatsu biyu ne za su gagare ka? Ina rufe baki na ji tsoron ya sauka daga ƙirjina.

Da safe Alhaji ya kai mu asibiti. Likita ya buɗe ƙafar, ya ce lokacin cire yatsu ya wuce. Sai dai a yanke daga ƙasan gwiwa.

Bayan aikin aka ba iyalina ƙafar a naɗe. Yaya ya ce zai tafi da ita ƙauye ya binne kusa da inda za a sa ni, don kada ni da ita mu ɓace wa juna. Karo na farko a rayuwata na ce masa a'a. Na ce, "Yaya, a binne ta nan Katsina. Wanda zai tashe ni ya san inda take, kuma ba ita zai jira ba."

Na yafe masa, don ƙauna ce ta sa shi. Amma koyarwar nan ban yafe mata ba, kuma ba zan yi shiru a kanta ba. Tashin matattu bege ne aka ba mu don mu rayu, ba sanda ba ce da za a tsorata mara lafiya da ita har ya mutu. In an ce maku haka yake a rubuce, ku ce a nuna maku. In ba ku iya karatu ba, ajinmu na da kujeru.

Yau da ƙafar hagu nake taka keke. Da farko ɗinkin yana karkacewa, yanzu ya miƙe.

Na gode wa Yesu da ya bar ni in ga yarana. Ku dogara gare shi, 'yan'uwa, ku je asibiti da wuri. Ƙafata ta riga ni shiga kabari, amma ranar da ya kira sunana, da gudu zan je. Amin.