Jikan Hajiya da 'Yan Sikawut

A ɗakin jira na wani asibiti a Bagdadiyya, wata dattijuwa ta ajiye waya ta dubi dattijon da ke kusa da ita.

"Alhaji, jikana ne a Kanada. Wai ƙungiyarsu ta sikawut tana karɓar marasa addini da 'yan luwaɗi. Na ce wa uwarsa halas, ta cire shi."

"Hajiya, na taɓa shugabantar 'yan sikawut a Sudan. Na kori wani matashi kan irin wannan zargi."

"Ai ka yi daidai."

"Haka kowa ya ce. Ko tambayarsa ban yi ba."

"Yana ina yanzu?"

"Ban sani ba. Uwarsa kaɗai yake kira, ita kuwa sai ta bar ni a falo ta shiga ɗaki ta amsa. Ɗana ne na fari, Hajiya."