Sunan Ƙasa a Takardar Neman Karatu

Tashar Gwarzo, ana jiran motar Kano ta cika. Wani dattijo ya leƙa takardar neman karatu a Ingila da saurayin gefensa ke ta dubawa.

"Samari, wa ya buga maka U.K. ɗin nan?"

"Mai tafiretan bakin tasha ne, Baba. Da kuskure?"

"Babba ma. Takardar roƙo ce, ba kwalin ashana ba. United Kingdom ake rubutawa cikakke. Ka je neman alfarma gidan mutum, sannan ka gutsure masa suna?"

"Ni na ɗauka ladabi ne. Innata har yau ba ta kama sunan ɗanta na fari."

"Wannan kunyarmu ce. Bature yana son jin sunansa. Shekara ashirin na yi ina koyar da Turanci kafin a rage ma'aikata."

"Kai ma ka taɓa nema, Baba?"

"Sau ɗaya, ina kamarka."

"Suka ɗauke ka?"

"Ba su ɗauke ni ba, amma sun amsa. Ambulan ya zo har garinmu Kutama, a bayansa Malam Dalhatu Ƙasim Kutama, ko harafi ba su rage min ba. Yana nan a akwatina."

"Baba, ara min biro."

"Ba a gyara irin wannan da biro. Jeka a sake bugawa. Tun da shari'a ta zo layin baya na mata ne, kuma mace ɗaya ce ta iso, motar ba za ta cika yanzu ba. Zan riƙe maka kujera."