Sun Ga Yaron, Ba Su Ga Huhun Uwar Ba

Assalamu alaikum Malam Nasiru, da kai da masu sauraren shirin lafiya. Murtala ne daga Ƙofar Rini.

Matata Hassana cikinta ya tsufa. Mura ta kama ta, ta koma tari da zazzaɓi, har numfashi ya fara yi mata wuya. A asibiti likita ya ce a yi hoton ƙirji. Inna, surukata, ta ce ba mai haska mata jika yana ciki. Ya yi bayani, ta ƙi. Sai ya ce na'urar da ake duba ciki da ita tana iya duba huhu, kuma ba ta cutar da yaro.

Munka tafi ɗakin na'urar. Ma'aikaciyar ta shafa mai, ta ɗora, ga yaro yana motsi. Na ce, "Hajiya, don Allah ɗan matsa sama." Ta ce, "Ƙanena, ni ciki anka koya mini. Wanda ya iya huhu ya bar aiki, ba a kawo wani ba."

Malam, daga inda ta tsaya zuwa inda ciwon yake bai fi tafin hannuna ba.

Yanzu a zaune Hassana take barci, magani bai yi ba, Inna ba ta sauko ba. Ni mahauci ne, na san yadda huhu yake in ya lalace, shi ya sa abinci ba ya wuce mini.

In akwai mai sauraro da ya san inda ake wannan dubawa a Sakkwato, ya taimaka ya faɗa maka. Duk inda na tambaya, amsa guda ce, mu ƙara haƙuri. Ni ina iyawa, Hassana ce ban sani ba.