Ƙullin Maƙwabci

A tashar Kura, Suhaibu yana jiran motar Kano ta cika. Wata dattijuwa a gefensa ta ƙura wa jakarsa ido.

"Ɗan nan, tafiyar nesa ce?"

"Maleshiya, Inna. Karatun noman shinkafa."

"Wannan ƙullin da ya leƙo fa?"

"Saƙon maƙwabcinmu ne, zan kai wa ɗansa. Kuka ce da daddawa."

"Ka gani da idonka?"

"Haba Inna, in kwance saƙon mutum? Shi ke ara mana injin ban ruwa duk rani."

"Kwance shi."

Suhaibu ya ɓata rai. "Don Allah ki ƙyale ni. Ko sanina ba ki yi ba."

"A filin jirginsu ba sa tambayar wa ya ba ka. Abin da ke jakarka naka ne."

"Wa ya gaya miki?"

"Ɗana. Shekararsa bakwai a kurkuku can, ƙwaya aka samu a cikin saƙo. Da aka kawo ƙullin, ya so ya kwance." Ta sunkuyar da kai. "Ni na ce masa abin kunya ne."