Irin Kaka a Turmi

Miji: Salamu alaikum. Kina ji na?

Mata: Wa alaikumus salam, Maigida. Ina wuni?

Miji: Lafiya lau. Ya yara? Ya Inna da ƙafar?

Mata: Da sauƙi. Ya aikin ginin?

Miji: Muna nan muna ɗaukar bulo. Ya ruwa?

Mata: An ɗan yi yayyafi jiya.

Miji: Ɗaga murya mana, kamar mai magana gaban surukai.

Mata: Na ce yayyafi. Ko ƙasa bai jiƙa ba.

Miji: Nan birni kamar da bakin ƙwarya, zai iso ku. Ki ce wa ƙanena ya ɗauko irin geron da ke tulun bayan gado, gobe a binne shi a gona ya jira ruwa.

Mata: Karo na uku ke nan fa. Shukar farko ta kai tsawon yatsa rana ta ƙone ta. Ta biyu kwana ashirin ba ɗigo, zabi suka tone.

Miji: Shekara arba'in Baba na shuka a watan nan, bai taɓa maimaitawa ba.

Mata: Allah ya jiƙan Baba. Kamar da ruwansa ya tafi.

Miji: Yaushe kika koyi wannan baki? Ki dai ba shi tulun.

Mata: Tulun... ba nauyi.

Miji: Layin na yankewa. Me?

Mata: Na daka irin, Maigida. Kwana tara shi muke ci. Rumbu har sharewa na yi.

Miji: Irin kakana kika zuba a turmi? Inna ta sani?

Mata: Ta ci. Loma ɗaya ta yi ta dube ni.

Miji: Kuma kika kasa faɗa mini?

Mata: Kullum sai ka ce ruwa na tafe. Na ga sau biyu mun ciyar da rana, yara na kallo.

Miji: Shi ke nan, a hannuna ya ƙare.

Mata: Na rage tafi ɗaya, na ƙulle a bakin zane. Shi zan ba ƙanen naka?

Miji: Tafi ɗaya...

Mata: Maigida? Kana nan?

Miji: Ina nan. Ki ɓoye shi. Kada ƙasar nan ta gan shi bana.

Mata: Sai baɗi?

Miji: Wa ya yi miki alkawarin baɗi? Ki ce wa Inna ni na sa ki. Katina zai ƙa...

Mata: Maigida?