Ɓeraye Sun Cinye Gogen Baƙonmu

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki, ina gaida masu sauraro. Ni ne Bukar daga Galtimari.

Ranar Asabar da safe na buɗe shagon kifinmu a Baga Road, sai na tarar da gogen baƙonmu a ƙasa. Ɓeraye sun cinye fatar, sun tsinke izgar, ƙwaryar kawai ta rage.

Baƙon nan Malam Haruna ne, mai goge, yana yawon wasa gari-gari. Daga Kano ya taso, ya yi Potiskum, ya yi Damaturu. Mu samarin unguwa muna da 'yar ƙungiyar wasan kwaikwayo, da hannunmu muka haɗa dandamali da katako, mu muka gayyato shi. Da ya iso, ni na ce ya kawo gogen in ajiye masa, tunda shagonmu ƙofar ƙarfe gare shi. Ɓarawo na yi wa shiri, na manta da ɓera.

Da ya gani bai yi faɗa ba. Ya ɗauki ƙwaryar yana shafawa, ya ce, "Ƙanena, na babana ne fa." Wallahi da ma zagina ya yi.

Fatar guza ake sa wa goge. Kwana uku ina zaga Maiduguri ban samu ba, ga shi ran Juma'a ana jiransa a Biu. Na rasa yadda zan yi. Don Allah duk wanda ya san mai gyaran goge, ya sanar da gidan rediyon nan.

Baba Modu mai gadi da Mama Ladi mai ƙosai suna wurin, da idonsu suka gani.